Nauyin kik a tsofaffin motocin dizal

Nauyin kik shi ne yanayin da injin mota ke juyawa a hankali, da ƙyar, a lokacin da direba ya murɗa makulli don tayar da shi. Direbobi da makanikai kan ce "kik ya yi nauyi" ko "batir ya yi sanyi". Matsalar ta fi yawa a tsofaffin manyan motoci masu aiki da man dizal, wanda a arewacin Najeriya aka fi sani da gas, irin su gingimari, tifa, tirela da kanta. Ta bambanta da yanayin da inji ke juyawa da saurinsa amma ya ƙi kamawa, wanda galibi matsalar mai ce ko ta iska a cikin layin mai.

A mafi yawan lokuta asalin nauyin kik yana kan hanyar da wuta ke bi daga batir zuwa kik, wato batir ɗin kansa, kawunansa, manyan wayoyi da wayar da ke haɗe da jikin mota. Kik ɗin da injin suna zuwa ne daga baya a jerin abubuwan zargi. Saboda haka ƙa'idar bincike ita ce a auna wuta a daidai lokacin da ake buga kik, a bi sassan ɗaya bayan ɗaya, kafin a kwance wani abu ko a sayi sabo. Wannan maƙala ta ɗauki misalanta daga kwarin Rima a Jihar Kebbi, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, inda tsofaffin motoci ke ɗaukar kaso mai yawa na jigilar amfanin gona.

## Dalilin da ya sa injin dizal ke buƙatar saurin juyi

Injin fetur yana da fulogi da ke ba da tartsatsi. Injin dizal, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya kammala na farko mai aiki a 1897, ba shi da fulogi irin wannan. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai, sannan a fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Matsin injin dizal yakan kai ninki 14 zuwa 23, alhali na fetur bai cika wuce 8 zuwa 12 ba.

Wannan ya haifar da abubuwa biyu. Na farko, juya injin dizal yana buƙatar ƙarfi fiye da juya na fetur mai girma ɗaya. Na biyu, saurin juyin yana da muhimmanci. Idan fistin ya hau a hankali, iskar da ake matsewa tana samun lokacin sulalewa ta gefen ringi, bangon silinda mai sanyi kuma yana shanye zafinta, sai man da aka fesa ya kasa kamawa. Yawancin injunan manyan motoci suna buƙatar juyi kimanin 150 zuwa 250 a minti ɗaya kafin su tashi cikin sauƙi. Tsohon injin da ringinsa ya ci yana buƙatar sauri fiye da sabo, domin dama yana zubar da matsi. Shi ya sa raunin batir da motar fetur za ta jure yakan hana gingimari tashi gaba ɗaya.

## Sassan da ke tayar da inji

Ana auna ƙarfin turin wuta da bolt, alamarsa V, yawan wutar da ke gudana kuma da amfiya, alamarta A. Sassan da aikin ya rataya a kansu su ne:

* Batir. Na dalma da asid ne, irin wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. Batir mai 12V yana da gidaje shida, kowane gida yana ba da kusan 2.1V. Ƙananan motoci kan yi aiki da 12V, manya kuwa da 24V, wato batir biyu da aka jona a jere. A kasuwa ana kiran manyan batura da lambobinsu, kamar N100, N120, N150 da N200.
* Manyan wayoyi. Ɗaya tana tashi daga kan batir mai alamar tarawa (+) zuwa kik. Ɗayar tana tashi daga kai mai alamar ɗebewa (−) zuwa shasi, daga nan wata ta haɗa shasi da inji. Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo, don haka wayar dawowa daidai take da ta tafiya wajen muhimmanci.
* Salanoid. Yana zaune a saman kik. Idan ƙaramar wuta daga makulli ta iso shi, sai ya tura ɗan ƙaramin giya ya shiga haƙoran fulawil, kuma ya haɗa babbar wuta zuwa cikin kik.
* Kik. Wasu na kiransa sitata. Injin lantarki ne mai amaca, burushi na gawayi da bushin a ƙarshensa biyu. An fara sa irinsa a motar Cadillac ta 1912 a Amurka, bisa aikin Charles Kettering. Ɗan giyan da ke shiga fulawil, wanda makanikai ke kira bendis, ya samo sunansa daga Vincent Bendix.
* Altaneta. Ita ke mayar wa batir wutar da kik ya zuƙa. Motocin da suka fi tsufa dainamo suke da shi.

Kik ɗin babbar mota yana jan ɗaruruwan amfiya cikin 'yan daƙiƙoƙi. A irin wannan yawan wuta, ɗan datti ko sakin noti yana da babban tasiri. Haɗin da ke zubar da 1V kacal yayin da 500A ke ratsa shi yana mayar da wat 500 zuwa zafi, ƙarfin da bai isa kik ba. Wannan haɗin kuma zai iya kunna fitila da rediyo ba tare da wata alama ba, domin su wuta kaɗan suke ja.

## Yanayin kwarin Rima

Birnin Kebbi, babban birnin Jihar Kebbi tun da aka ƙirƙiro ta daga Jihar Sakkwato a 27 ga Agusta 1991, da Argungu, hedikwatar masarautar Kabi, suna kan hanya ɗaya da ta nufi Sakkwato, tazararsu kimanin kilomita 50. Fadamun gulbin da ya ratsa yankin suna cikin manyan wuraren noman shinkafa a Najeriya. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Nuwamba 2015, kuma akwai masana'antun sarrafa shinkafa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, wadda aka buɗe a 2017. Baya ga shinkafa, motoci na ɗaukar albasar Aliero, kifi, gero, dabbobi, yashi da siminti, suna bin hanyoyin Jega, Yawuri da Kamba a kan iyakar Nijar.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci tsofaffi ne. Har yanzu ana ganin Mercedes-Benz 911 mai gajeren hanci, mai injin OM352 na silinda shida da lita 5.7, irin motocin da kamfanin ANAMMCO na Inugu ya riƙa harhaɗawa tun farkon shekarun 1980. Akwai kuma DAF, MAN, Iveco da Mack da aka shigo da su bayan sun yi aiki a Turai ko Amurka, da ƙanana irin su Mitsubishi Canter da Toyota Dyna. Wayoyin irin waɗannan motoci sun sha hannu, an yanke an ɗaura sau da yawa.

Yanayin yankin yana taɓa tsarin tayar da inji ta fuskoki huɗu:

* Zafi. A Maris zuwa Mayu zafin rana kan kai ko ya haura digiri 40. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana kuma hanzarta cin farantansa. Ƙa'idar da masana batir ke amfani da ita ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage tsawon ran batir da kusan rabi.
* Hunturu. A Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka kusa da digiri 15. Wannan bai kai ya hana lafiyayyen batir aiki ba. Abin da yake yi shi ne tona raunin da zafin bazara ya riga ya haifar, domin baƙin mai yana ƙara kauri, batir kuma yana ɗan rage ƙarfi a lokaci guda. Motar da kik ɗinta ya yi nauyi da safiyar hunturu a Argungu tana da matsala tun kafin hunturun.
* Ƙura. Tana haɗuwa da danshin asid a saman batir ta zama siririyar hanya da wuta ke tsiyaya ta cikinta. Tana kuma shiga kik ta cinye bushin.
* Ruwa. Motocin da ke shiga fadama ɗauko kaya, ko waɗanda ke ratsa ambaliya irin ta daminar 2020, suna tsoma kik a ruwa da laka, domin a ƙasan inji yake.

Akwai kuma yanayin aikin. Motar da ta dogara da kakar girbi takan yi makonni a ajiye. Batir yana zubar da caji da kansa ko ba a taɓa shi ba, kuma zubarwar ta fi sauri a zafi. Idan ya daɗe babu caji, wani farin gishiri yana daskarewa a farantansa, wanda caji ba ya iya narkar da shi duka daga baya.

## Bambance alamomi

Sauti da halin fitilu suna nuna inda ya kamata a fara dubawa:

* Inji yana juyawa a hankali, fitilun gaba suna dushewa sosai: batir ya yi rauni, ko kik yana jan wuta fiye da kima, ko inji ya ɗaure.
* Inji yana juyawa a hankali amma fitilu ba su dushe ba: wutar ba ta isa kik, ko burushinsa sun ƙare.
* Ƙarar "ƙat-ƙat-ƙat" da sauri: wutar da ke isa salanoid ba ta isa ta riƙe shi ba.
* Ƙara ɗaya tak, sannan shiru: bakin haɗin salanoid ya ƙone, ko kik ya maƙale, ko inji ya ƙi juyawa.
* Nauyi da safe kaɗai: tsohon batir, satar wuta cikin dare, ko baƙin mai mai kauri.
* Nauyi sai inji ya yi zafi: bushin ɗin kik ya ci, wayoyinsa na ciki sun fara ƙonewa, lokacin fesa mai ya yi gaba da yawa, ko injin ya taɓa yin zafi har fistin ya fara kamawa.
* Inji ya fara juyawa sai ya tsaya cak kamar ya daki bango: ana zargin ruwa ko mai ya cika silinda. A nan ba a sake buga kik.

## Musabbabai

### Batir

Batir yana iya zama lafiyayye amma ba shi da caji, yana kuma iya nuna cikakken caji amma ya kasa ɗaukar nauyi. Waɗannan matsaloli biyu ne daban, maganinsu ma daban. Mai gida ɗaya da ya mutu yakan nuna kusan 10.5V bayan an yi masa caji ya huta.

A motoci masu 24V akwai wata matsala da ta yaɗu. Direbobi kan ɗauki 12V daga batir ɗaya don rediyo, fanka ko cajin waya. Altaneta tana cajin batura biyun a matsayin abu ɗaya, don haka wanda ake zuƙa ba ya cika, ɗan'uwansa kuma yana shan caji fiye da kima har ruwansa ya ƙafe. Haka abin yake idan aka haɗa sabon batir da tsoho, ko N150 da N120. Ƙarfin biyun ba ya wuce na mai raunin cikinsu. Hanyar da ta dace ita ce a sa na'urar da ke sauko da 24V zuwa 12V, a kuma canza batura biyun tare.

Zuba ruwan rijiya ko na famfo a batir yana gajarta ransa saboda gishirin da ke cikin ruwan. Ƙara asid a batir da ruwansa ya ragu kuskure ne, domin ruwa ne ya ƙafe, asid ɗin yana nan.

### Wayoyi da haɗe-haɗe

Wannan shi ne musabbabin da aka fi tsallakewa. Farin gari ko kore da ke taruwa a kan batir yana shiga tsakanin kai da matsewarsa. Asid yana bin cikin robar waya ya cinye zaren jan ƙarfe daga ciki, wayar ta kumbura ko ta sandare alhali daga waje tana kama da mai lafiya. Kan batir da ya saki, wanda aka cusa wa ƙusa ko gwangwani don ya kama, yana taɓa wuri kaɗan ne kawai. Wayar da aka canza da wadda ta fi ta siranta, ko da ta alminiyam mai rufin jan ƙarfe, ba ta ɗaukar wutar da ake buƙata.

Wayar jikin mota tana da nata matsalolin. Bayan an sauke inji ko giya an mayar, akan manta da ita, ko a ɗaure ta a kan fenti ko tsatsa. Idan haka ta faru, wuta tana neman wata hanyar dawowa, ta bi ta wayar totur, ta kuloci ko ta boris, har ta ƙona su. Babban makullin kashe batir da ke gefen wasu motoci shi ma haɗi ne da ke ci. Wasu tsofaffin motocin Turai suna da akwatin da ke jona batura a jere lokacin kik kaɗai, ya mayar da su 12V bayan inji ya tashi, kuma bakin haɗinsa yana ƙonewa da tsufa.

### Kik

Idan bushin ya ci, amaca tana karkacewa ta riƙa gogar jikin kik, sai ya ja wuta mai yawa ya yi zafi amma ya juya a hankali. Idan burushi sun gajarce ko sifirin ɗinsu ya saki, wuta kaɗan ce ke shiga. Baƙin mai da ke ɗiga daga bayan inji yana haɗuwa da garin gawayi ya toshe wurin da burushi ke gogawa. Kik da aka sake naɗa wa waya da siririyar waya, ko wanda aka ɗauko daga ƙaramin inji, yana iya juyawa da kyau a kan benci amma ya kasa a jikin mota. Don haka gwajin benci, inda babu nauyi a kansa, ba ya wanke kik daga zargi.

### Caji

Fambel da ya saki, altaneta mai rauni, ko gajerun tafiye-tafiye da yawan kashewa da tayarwa, duk suna barin batir bai cika ba. Tifar da ke ɗibar yashi a tazara kaɗan tana iya buga kik sau da yawa a yini ba tare da ta yi tafiyar da za ta mayar da abin da ta zuƙa ba.

### Injin kansa

Baƙin mai mai lamba ɗaya, kamar SAE 40, ya fi 15W-40 kauri da safe. Wasu na zuba mai mafi kauri don ɓoye hayaƙi ko ƙarar tsohon inji, wanda ke ƙara wa kik nauyi. Injin da aka gyara aka matse karanshaf ɗinsa fiye da ƙa'ida, ko wanda ya kusa bugawa saboda rashin mai, yana ɗaurewa. A tifa, idan aka bar famfon ɗaga bodi a haɗe, kik yana juya shi tare da inji. Altaneta, famfon ruwa ko kwamfuresar iska da suka maƙale su ma suna riƙe inji.

Mafi haɗari shi ne shigar ruwa cikin silinda, ko daga ratsa ruwa mai zurfi, ko daga gaskit da ya fashe, ko man da nozul ya tsiyayar cikin dare. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Tilasta wa inji juyawa a wannan hali yana lanƙwasa sandar fistin.

## Matakan bincike

Kayan aikin da ake buƙata kaɗan ne: mitar auna wuta, sifana, burushin ƙarfe, da na'urar auna kaurin ruwan batir idan akwai. Kafin a fara, ana cire giya, a ja birkin hannu, a sa weji a tayoyi, a kuma hana inji kamawa ta hanyar jan wayar kashe inji ko cire wayar da ke buɗe mai. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya a kan makulli, ɗaya a kan mita.

1. Duba da ido da hannu. A duba ruwan kowane gida, kumburin batir, datti da sakin kawuna. Bayan an buga kik na 'yan daƙiƙoƙi, a taɓa kowane haɗi da hattara. Wanda ya yi zafi shi ke riƙe wuta.
2. Auna batir a zaune. Bayan ya huta na sa'o'i, 12.6V na nufin ya cika, 12.4V kusan kashi 75 cikin ɗari, 12.2V kusan rabi, 12.0V kusan kashi 25. A mota mai 24V ana auna kowane batir shi kaɗai. Idan bai kai 12.4V ba, a yi masa caji kafin a ci gaba, domin duk gwajin da zai biyo baya ba zai yi daidai ba.
3. Auna batir lokacin kik. Bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6V ba, ko kusan 19V a tsarin 24V. Idan ɗaya daga cikin batura biyu ya faɗi sosai fiye da ɗan'uwansa, shi ne mai laifin. Da na'urar auna ruwa, cikakken gida yana nuna kusan 1.265, kuma bambancin da ya kai 0.050 tsakanin gidaje alama ce ta gida da ya lalace.
4. Auna asarar wuta a wayar tafiya. A ɗora ƙafar mita ɗaya a kan dalmar batir mai alamar (+), ɗayar a kan babban notin kik, a buga kik. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta ɓace a hanya.
5. Auna asarar wuta a wayar dawowa. Ƙafa ɗaya a jikin kik, ɗaya a kan dalmar batir mai alamar (−). Idan aka haɗa asarar ɓangarorin biyu, bai kamata ta wuce kusan 0.5V a tsarin 12V ba, ko 1V a tsarin 24V. Idan ta wuce, sai a riƙa matso da ƙafafun mita haɗi bayan haɗi har a kama wurin. Haɗi ɗaya mai kyau ba ya zubar da fiye da 0.1V zuwa 0.2V.
6. Auna salanoid. A ɗora mita a kan manyan notinansa biyu lokacin kik. Asarar da ta haura kusan 0.3V tana nuna bakin haɗinsa ya ƙone. A kuma auna ƙaramar wayar da ta zo daga makulli.
7. Juya inji da hannu. Idan batir da wayoyi sun fita, a sa doguwar sifana a notin gaban karanshaf, makulli a kashe, a juya inji zagaye biyu. Idan ya juya da nauyin matsi kawai, saura kik. Idan ya tsaya, a cire fambel a sake gwadawa, sannan a cire nozul a duba ko ruwa zai fito.
8. Kwance kik. Sai a wannan mataki ake sauke shi, a duba burushi, bushin, amaca da alamar goga ko ƙuna.
9. Auna caji. Bayan inji ya tashi, mita ta nuna kusan 13.8V zuwa 14.4V a kan batir, ko 27.6V zuwa 28.8V a tsarin 24V. Idan ba a yi wannan ba, sabon batir zai bi sahun tsohon.

Amfanin bin wannan jeri shi ne tattali. Batura biyu na babbar mota ko sabon kik kuɗi ne mai yawa, alhali gyaran haɗi ba ya wuce samfefa da sabon kan waya. Sabon batir yana iya ɓoye mummunar waya na 'yan makonni, sannan matsalar ta dawo.

## Dabarun kan hanya da haɗarinsu

Turi. Ana yawan tayar da mota da turi, ko a ajiye ta a gangara. A motoci masu birkin iska, idan tankin iska babu komai birki ba ya aiki yadda ya kamata, sitiyari mai taimakon famfo kuma yana yin tauri har sai inji ya tashi. Turi yana iya lalata injin da ruwa ya shiga silindarsa nan take.

Barin inji a kunne. Direban da ke tsoron kik yakan bar inji yana aiki a layin sauke kaya ko cikin dare. Wannan yana cin gas, yana tara baƙi a inji, kuma hayaƙin yana da haɗari ga yaran mota da ke kwana a ƙarƙashinta.

Jona batir. Batir yana fitar da iskar haidirojin, musamman lokacin caji, kuma tartsatsi yana iya fasa shi ya watsa asid a fuska. Ana fara haɗa (+) da (+), a ƙarshe a haɗa (−) da jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir. Ba a jona 24V a mota mai 12V. Wajen cire batir, ana fara kwance kan (−). Gwada batir ta hanyar gitta waya ko sifana a kawunansa biyu yana cikin abubuwan da ke haddasa fashewa. Idan asid ya taɓa ido, a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, a tafi asibiti.

Gitta kik da sukudireba. Yana tsallake makulli, kuma idan mota tana cikin giya za ta taka wanda ke ƙarƙashinta.

Dukan kik da guduma. Yana iya sa burushi su taɓa na ɗan lokaci, wanda ke tabbatar da cewa sun ƙare. A kik na zamani masu maganaɗisu a ciki, duka yana fasa maganaɗisun.

Fesa fetur ko maganin sauro a bakin iska. Yana sa inji ya kama da duka mai ƙarfi wanda ke karya ringi, kuma a injin da ke da hita yana iya tashin gobara. Ba ya magance nauyin kik.

Dogon kik. Masu ƙera kik suna iyakance bugu ɗaya tsakanin daƙiƙa 15 zuwa 30, tare da hutun kusan minti biyu. Kik da ke aiki da raunanniyar wuta ya fi saurin ƙonewa, domin yana juyawa a hankali yana jan wuta mai yawa na dogon lokaci. Ta haka mummunan batir ke kashe lafiyayyen kik.

## Rigakafi

A watannin zafi ana duba ruwan batir duk mako ɗaya ko biyu, a ƙara ruwan batir tsantsa har ya rufe faranti. Ana wanke saman batir da ruwan ɗumi da aka jiƙa sodar burodi a ciki, ba tare da ya shiga gidajen ba, a goge kawuna har su yi ƙyalli, a ɗaure, sannan a shafa giris a sama. Ana ɗaure batir da kyau a mazauninsa, domin girgizar hanyoyin fadama tana kakkaɓe farantansa. Motar da za ta zauna tsakanin kaka da kaka, a cire mata kan (−), a ajiye batir a inuwa, a yi masa caji kusan duk wata. Bayan ratsa ruwa mai zurfi, a duba matatar iska da launin baƙin mai kafin a sake tayarwa. Lokacin da ya fi dacewa a gwada batura da wayoyi shi ne ƙarshen damina, kafin jigilar shinkafa ta kankama da kuma shigowar hunturu.

## Duba kuma

* Injin dizal
* Batirin dalma da asid
* Birnin Kebbi
* Argungu
* Gulbin Rima
* Noman shinkafa a Jihar Kebbi